Gidan Daniel Boone: mutumin da ya sari hanyar Kentucky da abin da iyalinsa suka biya

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma.

A wurinmu, idan aka tashi ba da tarihin gari, da wanda ya sari dajin ake farawa: daga ina ya fito, me ya taso shi, su wa ya tarar. To yau tambayoyin nan zan yi wa wani Ba'amurke, Daniel Boone, wanda mutanen ƙasarsa ke zana shi tsaye shi kaɗai a daji da bindiga. Ni kuwa da na bi tarihinsa, gida guda na gani yana ta ƙaura, kaka da uba da ɗa, mata da yara na biye. Labarin gidan nan nake so mu ji.

Mahaifinsa, Squire Boone, masaƙi ne kuma maƙeri. Ya baro yankin Devon na Ingila a 1713 ya sauka Pennsylvania, kakan kuma, George, ya biyo baya a 1717. Mabiya wata ɗariƙar Kirista ce da ake kira Quaker, wadda ta sha tsangwama a Ingila. A 1734 aka haifi Daniel, shi ne na shida cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na Squire da matarsa Sarah Morgan. Sai ga shi ɗariƙar da ta kawo su ita ta sake tayar da su. 'Yarsu ta fari ta auri wanda ba ɗan ɗariƙa ba, bayan wasu shekaru ɗansu Israel ma ya yi haka. Aka ce uban ya fito ya ba da haƙuri a gaban jama'a, a karo na biyun ya ƙi, aka kore shi. A 1750 ya sayar da gonarsa, ya kwashi iyali suka gangara kudu, har suka zauna a kwarin kogin Yadkin a North Carolina.

A nan Daniel ya auri Rebecca Bryan a 1756. Ku riƙe sunan matar nan, don ita ce ginshiƙin laccar yau. Ta haifi 'ya'ya goma, ta kuma riƙe marayun dangi a kan nata. Sana'ar mijinta farauta ce, irin wadda ake tafiya tun kaka sai bazara, a tara fatun barewa a kawo kasuwa. Wata tafiyar da ya fara a 1769 shekara biyu ta ɗauke shi. Duk tsawon lokacin nan wa ke noma? Wa ke saƙa, wa ke kiwo, wa ke kwana da yaro mai zazzaɓi a gidan katako da ba maƙwabci kusa? Rebecca ce da manyan 'ya'yanta. Ba ta bar mana rubutu ba, shi ya sa masu tarihi suka daɗe suna wuce ta.

A wannan tafiya ta 1769 ya shiga Kentucky, kuma a nan dole mu tsaya mu faɗi gaskiya. Ƙasar tana da masu ita. Dajin farautar mutanen Shawnee ne da Cherokee, 'yan asalin ƙasar, da shi suke ci da iyalansu. Shawnee suka kama shi, suka karɓe fatun da ya tara, suka sallame shi da ransa, suka ce ya koma gida kar ya sake dawowa. A ganinsu ɓarawon nama suka kama, kuma ni ban ga inda suka yi kuskure a wannan hukunci ba. Bai ji ba. Bashi na binsa a gida, ya kuma ga ƙasa mai albarka, zuciyarsa ta riga ta zauna a can.

A 1773 ya ɗauki iyalinsa tare da ayari na mutum wajen hamsin don su kafa tunga. A watan Oktoba aka tare wasu samari da aka tura baya ɗauko guzuri, aka kashe su bayan azaba. Cikinsu akwai James, ɗan farin Rebecca, yana da shekara goma sha shida. Ayarin ya juya. Duk uwar da ke cikin ɗakin nan ta san abin da ake nufi da a binne ɗan fari a gefen hanya a wuce.

Amma bayan shekara biyu sun koma. Wani alƙali mai harkar filaye, Richard Henderson, ya ɗauki Boone aiki a 1775, ya ba shi masu gatari wajen talatin, suka sari hanya ta ratsa wata ƙofa a tsakanin duwatsu da ake kira Cumberland Gap. A ƙarshenta suka yi kafi da gungume a bakin kogin Kentucky, aka sa masa suna Boonesborough. Kafin ƙarnin ya ƙare, fiye da mutum 200,000 sun bi wannan hanya. A watan Satumba na shekarar Rebecca ta iso da yara.

Daga nan masifu suka jeru. A Yuli 1776 aka sace 'yarsu Jemima da ƙawayenta biyu suna cikin kwalekwale, uban ya bi sawu ya ƙwato su cikin 'yan kwanaki. A Janairu 1778 maza suka tafi wata maɓuɓɓuga mai suna Blue Licks dafa gishiri, don da shi ake adana nama, sai a Fabrairu sarkin Shawnee, Blackfish, ya kama Boone da mutanensa. Abin da ya faru bayan nan yana ba mutane mamaki: sarkin ya mai da shi ɗansa, bisa al'adarsu ta cike gurbin wanda ya mutu, aka raɗa masa suna Sheltowee, wato babban kunkuru. Wata huɗu yana cikinsu, yana farauta tare da su. Da ya ji ana shirin kai wa kafinsu hari, ya gudu, ya ci mil 160 cikin kwana biyar. Ya iso ya tarar Rebecca ta ɗauka ya mutu, ta kwashi yara ta koma wurin danginta a North Carolina. Aka kewaye kafin wajen kwana goma bai faɗi ba, duk da haka wasu daga cikin mutanensa suka kai shi kotun soja bisa zargin ya haɗa baki da abokan gaba. Kotu ta wanke shi. Ya je ya ɗauko matarsa, ta sake ratsa duwatsun nan.

An kashe ƙanensa Edward a 1780. A Agusta 1782, a yaƙin Blue Licks, aka harbe ɗansa na biyu, Israel, yana kusa da shi. 'Ya'ya maza biyu na farko ke nan, duk saboda ƙasa ɗaya.

To wane ne ya ci ƙasar? Nan ne abin ke taɓa ni. Boone ya zama mai awon filaye, ya riƙe takardun eka dubbai, ya buɗe masauki, har ya mallaki bayi, bakwai a 1787, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba, don da guminsu aka yi wani ɓangare na aikin. Sai dai tsarin rajistar filaye a Kentucky a hargitse yake, fili ɗaya mutum uku na riƙe da takardarsa. Shi mutumin daji ne, bai iya zaman kotu ba. Masu lauyoyi suka yi ta cin shari'a a kansa har ya koma ba shi da komai sai bashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1798 aka ba da sammacin kama shi saboda bai amsa kiran kotu ba, a shekarar kuma majalisar jihar ta sa wa wata gunduma sunansa.

A 1799, yana da shekara sittin da biyar ba kaɗan, ya sake ɗaura kaya. Shi da Rebecca da 'ya'ya da jikoki suka haye kogin Mississippi zuwa Missouri, wadda a lokacin tana hannun Sifaniya. Hukumar can ta ba shi fili, ta naɗa shi mai sasanta rikicin yankinsa. Da Amurka ta sayi ƙasar a 1803 daga Faransa, wadda ta karɓe ta daga Sifaniya, sai aka ce bai cika sharuɗɗan mallaka ba, filin ya suɓuce. Sai a 1814 majalisar Amurka ta tabbatar masa da eka 850, ya sayar da mafi yawansa ya biya mutanen Kentucky da suka biyo shi bashi. Rebecca ba ta ga wannan ba, ta rasu a Maris 1813, bayan aure na shekara hamsin da shida.

Shi kuma ya rasu ran 26 ga Satumba 1820, a gidan autansa Nathan, aka binne shi kusa da ita. A 1845 mutanen Kentucky suka zo Missouri suka tone ƙasusuwan su biyun, suka kai Frankfort, babban birnin jihar, suka sake binne su da gagarumin biki.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, malama, faɗi tambayarki.