Jawabi Kan Auna Shirye-shiryen Hana Cin Zarafi a Soyayyar Matasa

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata.

Wasunmu sun karɓi takarda daga makarantun 'ya'yanmu a nan Amurka, ana sanar da su darussan hana cin zarafi tsakanin saurayi da budurwa. Na san akwai mai cewa ɗansa ba ya cikin wannan harka, to amma binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) na 2019 ya nuna kusan 1 cikin 12 na ɗaliban sakandare masu soyayya sun sha duka ko makamancinsa a hannun masoyansu, kuma cikin waɗannan azuzuwa 'ya'yanmu suke zaune.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake gane ko darussan suna aiki. Sau da yawa malamai kan yi wa ɗalibai tambayoyi kafin darasi da bayansa, in an ga amsa ta gyaru sai a ce an yi nasara, alhali yaro yana iya rubuta cewa duka haramun ne ya fita ya mari yarinya. Awo na gaskiya shi ne a raba makarantu ta hanyar ƙuri'a, wasu su yi shirin wasu su jira, sannan a bi sawun yaran shekara da shekaru. Haka aka gwada shirin Fourth R a makarantu 20 na Ontariyo a Kanada, inda bayan shekara 2 da rabi masu dukan masoyansu suka kasance kashi 7.4 cikin 100 a makarantun shirin, 9.8 a sauran, kuma bambancin ya fi fitowa ga maza. A makarantu 30 na birnin New York kuwa, darasin aji shi kaɗai bai rage cin zarafin ba, sai inda ɗalibai suka nuna lungunan da suke tsoro aka ƙara malamai masu sa ido a wurin.

Ko wannan awo yana da rauni, domin ya dogara ga abin da yaran suka faɗa da bakinsu, yarinyar da ta tashi cikin kunya irin ta gidajenmu kuwa ba lallai ta faɗa ba, musamman in tana tsoron iyaye su ji.

Ina roƙon shugaba ya naɗa iyaye mata da maza su je taron iyaye da malamai mai zuwa, su tambayi sunan shirin, ko an taɓa gwada shi da makarantun kwatance, wato waɗanda ba su yi shirin ba, da tsawon lokacin da aka bi sawun ɗaliban. Na gode.