Sashe na 24: tarun da ke kwaso kifi da kwaɗo

Ka ɗauki wayarka, ka rubuta a Facebook cewa an cinye kuɗin gyaran rijiyar burtsatsen unguwarku. Wani babba ya karanta, ransa ya ɓaci. Shin ɓacin ransa ya isa a kai ka kurkuku?

Daga 2015 zuwa farkon 2024, dokar Najeriya ta bar wannan ƙofa a buɗe.

A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Yaƙi da Laifukan Intanet. 'Yan damfara da masu kutse aka nufa da ita, kuma kowa ya san ɓarnarsu. Matsalar tana sashe na 24. Sashen ya haramta aika saƙo mai tsananin cin fuska, ko saƙon da mutum ya san ƙarya ne don ya fusata wani, ko ya takura masa, ko ya jefa shi cikin damuwa ba gaira ba dalili. Hukuncin kuwa ɗaurin da zai kai shekara 3, ko tarar da za ta kai naira miliyan 7, ko a haɗa duka biyun.

To, da wane mudu ake auna cin fuska? Abin da ni na ɗauka gyara kayanka, gwamna zai iya kiransa zagi. Idan kalmar doka ta yi faɗi haka, talaka ba zai san inda iyakar take ba sai ranar da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar gidansa. Abin da ya fi damuna shi ne, ba sai alƙali ya same ka da laifi ba. Kwanakin da za ka yi a tsare sun isa su rufe bakin mutum ɗari da ke kallo.

Kotun ECOWAS ta duba sashen a 2020, ta sake dubawa a 2022. Duka biyun ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci a gyara.

A Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran. Aka cire zancen fusata mutum da cin fuska, aka bar batsa, da ƙaryar da ke barazana ga rai ko ke nufin rushe doka da oda. An rage faɗin tarun, babu shakka. Sai dai ita ma "rushe doka da oda" ɗin, wa zai auna ta?

Watanni kaɗan bayan gyaran, a Mayun 2024, 'yan sanda suka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas kan zargin karya wannan doka. Aka wuce da shi Abuja, ya shafe fiye da mako guda a tsare kafin a sake shi.