Jawabin Maraba Ga Mai Girma Gwamnan Lardin Al Hawuz Na Ƙasar Maroko A Ziyarar Da Ya Kawo Ukaimeden

Daga kwamitin masu koyar da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, masu ba da hayar kaya, masu masauki da masu alfadarai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, manyan jami'an lardi, dattawan ƙabilar Urika da na Rerayya, muna yi muku barka da zuwa, barka da hawan dutse. Ranka ya daɗe, adalcinka da son aikinka sun riga ka isowa nan, kuma shugaban da ya baro ofis ya biyo kwane-kwanen hanyar nan cikin wannan sanyi ya wuce a tsaya yi masa kirari. Saboda haka ba za mu ɓoye abin da ke ranmu ba: muna roƙon injinan fesa dusar ƙanƙara da madatsar ruwan da za ta ciyar da su.

Inda kake tsaye mita 2,600 ne daga doron teku, ƙololuwar dutsen kuma ta haura mita 3,200. Ga Tubkal can kudu, mita 4,167, babu dutsen da ya kai shi a Arewacin Afirka. Tun kafin a kafa Marrakesh mutane suke hawowa nan. Zanen wuƙaƙe da shanu da ke jikin jajayen duwatsun bakin gari ya shekara dubbai. Kakanninmu ne suka kafa dokar agdal: a rufe makiyaya tun bazara, kada ƙafar dabba ta taka ta sai ranar 10 ga Agusta, bayan ciyawa ta zubar da iri. Har gobe ana bin ta.

Wasan zamiya ya zo da Faransawa a shekarun 1930, suka gina masaukin ƙungiyarsu ta masu hawan dutse. Kayansu kuwa a bayan alfadaran iyayenmu suka hawo. Da aka sami 'yanci a 1956 wurin ya dawo hannunmu, 'ya'yan masu dako suka zama masu koyarwa, a 1968 kuma Maroko ta shiga gasar Olamfik ta hunturu karon farko a Girenobul. Yau har taurari ake kallo daga nan, a cibiyar Jami'ar Kadi Ayyad. Amma alkawuran da aka yi wa dutsen nan sun fi gine-ginen da ke kansa yawa. An sha zuwa da taswirar otel-otel da sababbin igiyoyin kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse, a ɗauki hoto, a sauka. Sai fari ya jera shekaru, sai girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000, akasari a lardin nan. Lesoto, can ƙarshen kudancin Afirka, da ƙanƙarar inji take buɗe filin zamiyarta da hunturu. Mu da muka riga ta da shekaru masu yawa har yanzu sama muke kallo.

A shekara mai kyau ana wasa daga Janairu zuwa Maris. Matsalar ita ce dusar ƙanƙara kan sauka da yawa dare ɗaya, sai iska mai ɗumi ko ruwan sama ya biyo baya, cikin kwana kaɗan duwatsu su fito. Sabuwar dusa wajen kilo 100 ce a kowace mita kubik, yawancinta iska ce. Ta inji takan kai kilo 400, shi ya sa take jure rana da takawa, kuma idan aka shimfiɗa ta a ƙasa takan riƙe ta saman da ta sauka a kanta.

Ba dutsen duka muke roƙo ba, ranka ya daɗe. Gangaren ƙasa kawai, inda masu koyo da yara suke, domin nan ne abincin yawancinmu. Ga lissafin. Hekta ɗaya mai kaurin santimita 30 tana cin dusa mita kubik 3,000. Mita kubik ɗaya ta ruwa tana ba da biyu zuwa biyu da rabi na dusa. Hekta 3 ke nan za su sha ruwa wajen mita kubik 4,000 a shimfiɗar farko. Injin yana aiki ne idan sanyi ya kai kamar digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon sauƙin daskarewar ruwan, abin da Allah ya hore mana a dararen Disamba. Sai dai irin waɗannan darare ba su da yawa, dole ruwan ya kasance a tare, mai sanyi, famfo kuma ya iya tura shi cikin 'yan awoyi. Kowace mita 10 ta hawa tana cinye "bar" ɗaya (ma'aunin matsin ruwa) na ƙarfin famfo, ban da wanda bakin injin ke buƙata. Bututu a binne shi ƙasa da inda sanyi ke kaiwa, a sa masa mafitar tsiyaye ruwa, in ba haka ba ragowar ta daskare ta fasa shi. Sannan motar daɓe, domin tsibin dusar da ba a baza ba ba ya amfanin kowa.

Mun san manoman kwarin Urika za su ce ruwansu ne, kuma suna da gaskiyar tambaya. Wani kaso yana bin iska, ba mu musa ba, amma mafi yawa narkewa yake yi da bazara ya koma rafi. A cika madatsar lokacin da ruwa ya yi yawa, kuma a sa wakilinsu cikin masu riƙe mabuɗi.

Sauran buƙatun a taƙaice. Hanya: ranar hutu motoci daga Marrakesh kan cushe ta, mota ɗaya marar sarƙa a taya ta juya a kwana sai kowa ya tsaya, har motar asibiti. A kafa wurin duba sarƙa tun daga ƙasa, a ƙara motar share hanya. Igiyar kujeru kuma tana son a riƙa duba cikinta da na'urar maganaɗisu, domin waya kan tsinke a ciki ido bai gani ba, a sauya robar tayoyin kan turaku, a tayar da injin ko-ta-kwana kafin buɗe kakar wasa.

Amma duk waɗannan, ranka ya daɗe, sai da ƙanƙara a ƙasa suke da amfani. Haƙan bututu ba ya yiwuwa bayan Nuwamba, ƙasa ta daskare, kafin Agusta kuma agdal a rufe take, sai da yardar dattawa. Wata uku kacal ke tsakani. Muna roƙon a turo injiniyoyi su auna wurin madatsar tun wannan bazara, a sa kuɗin cikin kasafin bana, don kada watannin nan uku su sake wuce mu.

Allah ya ƙara girma, ya maida kai gida lafiya.