Amsoshin Tambayoyinku: Wasiƙu huɗu daga tsallaken kogi

Salama a gare ku, masu sauraro, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da yamma. Ina gaida na Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Kakuri a nan garin Kaduna, da ku da kuke kama mu daga Kachia da Kafanchan, da maƙwabtanmu Musulmi, don na san wasunku kan bar rediyon a kunne idan shirin nan ya zo. Wasiƙu huɗu ne a gabana yau. Kamar kullum, ba zan kira sunan kowa ba, mai abu ya san abinsa. Wanda Littafi Mai Tsarki yake kusa da shi ya jawo shi, don ba na so ku ɗauki maganata ba tare da kun duba da idonku ba.

Ta farko daga wani saurayi ce mai tuƙa keke Napep a Sabon Tasha. Ya ce: "Malam, keken da nake ja na mutane ne, kullum sai na kai balas. Na je wani taron farkawa, mai wa'azin ya karanta Irmiya 29:11, ya ce duk wanda ya shuka iri a daren nan, kafin wata uku Allah zai buɗe masa hanya. Na ba da naira dubu 40 da nake tarawa. Yanzu wata takwas ke nan. Da na koma na yi magana, sai aka ce bangaskiyata ce ba ta kai ba. Shin ni ba mai bi na gaskiya ba ne?"

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau uku, kuma kowane karo sai raina ya ɓaci, ba a kanka ba. Mutumin da ya ɗauki guminsa na watanni ya miƙa saboda yana tsammanin Allah ne ya ce, ba rashin bangaskiya ke damunsa ba. An ba ka aya ɗaya ce aka ɓoye maka maƙwabtanta.

Buɗe Irmiya, amma ka fara daga sura 28. Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya riga ya kwashe mutanen Urushalima zuwa bauta. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali ya ce nan da shekara 2 komai zai dawo. Magana mai daɗin ji, kowa yana so. Irmiya ya ce masa Ubangiji bai aike shi ba, ya sa mutane sun dogara ga ƙarya, kuma a shekarar nan Hananiya ya mutu. To, sura 29 wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila. Me ya ce musu? Ku gina gidaje ku zauna, ku yi lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku nemi lafiyar birnin da aka kai ku, ku yi masa addu'a. Aya ta 10 ta ce sai an cika shekara 70. Bayan wannan ne aya ta 11 ta zo, inda Allah ya ce ya san nufin da yake da shi dominsu, nufin alheri ne ba na masifa ba. Ka ga ke nan, ayar da aka karanta maka don a yi maka alkawarin wata uku, asalinta an rubuta ta ne don a tsawata wa masu yin alkawarin gajeren lokaci. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara jin ta a Babila suka tsufa, a can aka binne su, kuma Allah bai yi musu ƙarya ba.

Bari in ɗan ratse, don wannan zai taimaki kowa. Lambobin nan na sura da aya ba annabawa ne suka sa su ba, ba kuma manzanni ba. Rabon surori da muke amfani da shi a ƙarni na 13 aka yi shi, ana danganta shi da Stephen Langton na Ingila. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ne ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Suna da amfani, da su muke samun wuri da sauri. Amma Irmiya wasiƙa ya rubuta, kuma ba wanda yake karɓar wasiƙa daga gida ya karanta layi ɗaya a tsakiya ya naɗe.

Batun kuɗi kuma, duba Ayyukan Manzanni 8. Wani mai sihiri a Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don a ba shi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa shi da kuɗinsa su hallaka, tunda ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Bayarwa tana da kyau, ni ma ina ba da baiko da zakka, kuma 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Sai dai baiko godiya ce. Allah ba ya adashi da mu, balle a ce kwasarka ta zo wata uku.

Yanzu tambayarka ta ainihi. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miyarka ta ƙare, ɗana, amma ga ka nan kana tambayar yadda za ka tsaya daidai da Allah. A Markus 9 akwai wani uba da ya kawo ɗansa marar lafiya wurin Yesu, ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimake shi da rashin bangaskiyarsa. Yesu bai ce masa je ka ƙaro ba, warkar da yaron ya yi. In kana so ka auna taka, auna ta a kan keken nan. Fasinja ya manta waya a kujerar baya, me kake yi? Baƙuwa ta sauka a tasha ba ta san gari ba, kuɗin da kake faɗa mata shi ne na kowa? Ranar da ciniki ya yi kyau, gaskiya kake faɗa wa mai keken? Ka sake fara tarinka. Ka kuma nemi ikkilisiyar da ake buɗe Littafin a karanta sura sukutum, inda in ka ɗaga hannu ka yi tambaya ba za a harare ka ba. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, suka koma suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, aka kuwa yaba musu.

Wasiƙa ta biyu jika ce ta rubuto a madadin kakarta, wata mama 'yar Zumuntar Mata a Narayi. Ta ce ba ta yi boko ba, a ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, da Hausa kaɗai take iyawa, shi ma da ƙyar. Jikokinta suna ce mata Littafi Mai Tsarki na Turanci ne na asali. Tana tambaya ko haka ne, kuma daga ina za ta fara.

Mama, ina gaisuwa. Ki gaya wa jikokin nan, cikin ƙauna, cewa Yesu bai yi wa'azi da Turanci ba. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, da ɗan Aramanci a wasu wurare kamar Daniyel da Ezra, Sabon Alkawari kuma da Helenanci. Na Turancin juyi ne, naki ma juyi ne, ba wanda ya girmi wani a gaban Allah. Kuma naki yana da tarihi a jiharmu ta nan. Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya shekara da shekaru, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin juyin tare da Hausawan da suka taimaka masa, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. In Allah ya kai ki Wusasa, tsohuwar majami'ar ƙasa ta wancan zamani tana nan tsaye. Da tsohuwar zuma ake magani, Mama. Mahaifiyata da ɗan yatsa take bin layi, takan kwana uku a sura ɗaya, amma ban taɓa ganin wanda ya san Zabura kamarta ba.

Ki fara da Markus. Surorinta 16 ne kawai, ita ce mafi gajarta cikin bisharu huɗu, labari ne ke bin labari. Ki karanta ɗan yanki da murya, ki tsaya, ki tambayi kanki me Yesu ya yi a nan, wa ya yi wa. Ranar Zumunta ki ba wata 'yar'uwa labarin da bakinki. Kada ki fara da Littafin Firistoci ko Wahayin Yahaya tukuna, za su jira ki.

Ta uku gajeruwa ce, daga wani ɗan ajin baftisma a Barnawa: me ya sa Littafin kakansa ya ce Matta da Yohanna, nasa kuma Matiyu da Yahaya? Ɗana, mutanen ɗaya ne. Na kakanka tsohon juyi ne, naka wanda aka sabunta daga baya ne don Hausar ta zo daidai da yadda ake magana. Ka ajiye su gefe da gefe ka riƙa karanta wuri ɗaya a duka biyun, za ka ƙaru.

Ta huɗu na ajiye ta ƙarshe saboda nauyinta. Wani dattijo ne daga Gonin Gora. Ya ce: "A rikicin Fabrairu na 2000 aka ƙone shagona, aka kashe ƙanena. Na san ɗaya daga cikin waɗanda suka zo, mun yi shekaru muna gaisawa. Na tattara iyalina na tsallako kogin Kaduna, ban sake kwana a can ba. Ni dattijon ikkilisiya ne, amma duk ranar da ake Addu'ar Ubangiji, in an kai wurin da ake roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi shiru. Ko munafuki ne ni?"

Baba, sannu. Allah ya ƙara haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ba zan zauna a gaban makirufo in ce na san zafin da kake ji ba. Amma munafuki ba ya shiru a wurin nan. Munafuki da ƙarfi yake faɗa, ya fi kowa ɗaga murya. Shirun naka na mai tsoron yi wa Allah ƙarya ne.

Ba zan kuma rage maka maganar Yesu ba, don ba ni da wannan iko. A Matiyu 6, da ya gama koya addu'ar, a kan layin nan kaɗai ya dawo ya ƙara bayani. Gafara wajibi ce a kanmu. Abin da nake so mu duba shi ne yadda take zuwa wa mutumin da aka yi wa babban rauni. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara 7 na ƙoshi, yunwa ta ci shekara 2, kafin ya bayyana musu kansa. Shekara 22 ke nan. Ko da suka zo, bai rungume su ranar farko ba. Ya yi musu magana da kaushi, ya gwada su, ya juya baya ya yi kuka, ya shiga ɗaki ya sake yin kuka. Sa'ad da mahaifinsu Yakubu ya rasu, bayan wasu shekaru 17 a Masar, suka sake jin tsoro, Yusufu ya sake yin kuka. A Farawa 50 bai ce musu ba komai ba. Ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufa, ya kuma tambaye su ko shi yana a matsayin Allah ne. Abin da ya saki shi ne ramuwa, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce a bar wa Ubangiji. Gafara ba ta ce ƙanenka bai mutu ba, ba ta ce ka daina son a yi adalci ba, ba ta kuma tilasta maka komawa tsohuwar unguwa ba.

A garin nan muna da shaida mai rai. Fasto James Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin guda. Sun haɗu a 1995, kuma ba rana ɗaya zuciya ta kwanta ba, sai da aka ɗauki shekaru. Daga baya tare suka riƙa shiga garuruwa suna sasanta mutane. Ban kawo su don in ce ka zama su ba, Baba. Na kawo su ne don ka san ba kai kaɗai ka ɗauki irin wannan kaya a Kaduna ba, kuma a wancan tsallaken ma akwai dattijon da ya rasa ƙane, yana kwana da nasa.

Ga abin da nake roƙonka. Lahadi mai zuwa, in an kai layin nan, kada ka tilasta wa bakinka. Faɗa wa Ubangiji a zuciya: ban iya ba tukuna, amma ina so in iya, ka taimake ni. Ka karanta Zabura 13, Dawuda sau huɗu ya tambayi Allah har yaushe. Sa'an nan ka nemi mutum ɗaya, fastonka ko wani tsohon aboki, ka ba shi labarin ƙanenka tun daga yarinta, ba labarin ranar kaɗai ba. Ka kira sunansa, ka faɗi abin da yake so, da yadda yake dariya. In ka ga za ka iya, wata rana ka ambaci sunan mutumin nan da ka gane a gaban Allah, ko da ba ka san me za ka roƙa masa ba. Ka sake rubuto mini, Baba, ko bayan wata nawa ne. Wasiƙarka tana cikin Littafina, a Farawa 50 na sa ta.

Lokaci ya kama mu. 'Yar'uwar da ta rubuto daga Unguwar Boro a kan azumi, da ɗan'uwan Kujama mai tambaya a kan auren matar ɗan'uwa, da ku za mu fara mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku kwana lafiya.