Dalilin da ya sa manhajar da aka kawo a filasha take ƙin girkuwa

Masu kula da ɗakunan kwamfuta a makarantun da ke wajen Birnin Kebbi, inda intanet ba ta da ƙarfi, suna yawan kawo ƙorafi iri ɗaya: an sauke manhaja a cikin gari, an kwafo ta a filasha, amma da aka zo girka ta a Ubuntu, tsarin Linux da kwamfutar ke aiki da shi, sai dpkg, wato mai girka manhajoji a tsarin, ya tsaya, ya jero sunayen abubuwan da babu.

Kowane ƙunshin .deb, wato fayil ɗin da manhajar Ubuntu ke zuwa a cikinsa, yana ɗauke da fayil mai suna control, kuma layin Depends da ke cikinsa shi ne ke lissafa manhajojin da sai da su zai yi aiki. Sunayensu kawai yake ambata, ba ya tafe da su.

A nan ne ake yin kuskuren. Idan aka rubuta apt-get install --download-only a kwamfutar da ke da intanet, apt, wato mai sauke manhajoji a Ubuntu, yana duba abin da ita wannan kwamfutar ta rasa ne, ya sauke shi kaɗai. Duk abin da take da shi tun da farko zai tsallake shi, alhali mai yiwuwa ne shi ne ainihin abin da kwamfutar makarantar ba ta da shi. Tela mai riga yake aunawa, ba ɗan aike ba. Sannan akwai bambancin siga: Ubuntu 22.04 tana da siga ta 2.35 ta glibc, wato ginshiƙin da yawancin manhajoji ke dogara a kansa, ita kuwa 24.04 tana da 2.39, don haka manhajar da aka gina a kan sabuwar takan ƙi tashi a kan tsohuwar. Haka kuma ƙunshin amd64, wanda aka gina don kwamfutoci masu injin Intel ko AMD, ba zai girku a ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi ba.

A ganina, hanya mafi tsafta ita ce apt-offline, manhajar da aka yi don girka manhajoji a kwamfutar da ba ta da intanet. A kwamfutar da ba ta da intanet za a fara, da apt-offline set, domin ta rubuta buƙatunta da kanta, kuma a sa --update a zagayen farko saboda jerin manhajojinta ya zama sabo. A kai wannan fayil inda akwai intanet a yi apt-offline get, a dawo a yi apt-offline install.

Mai gina ƙunshinsa da kansa kuwa, ya gina shi a kan sigar da ta fi tsufa cikin waɗanda za su karɓe shi. Kuma a girka apt-offline ɗin a kwamfutar tun kafin ta bar gari.