Amsoshin Tambayoyinku: Burushin Aski, Wanne Ne na Sabulu, Wanne Ne na Kirim?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Zariya. Yawancin wasiƙun da muka ware yau a kan burushin aski suke, wato ɗan ƙaramin nan mai mariƙi da ake tayar da kumfa da shi a shafa a fuska ko a kai kafin a sa reza. Ba faffaɗan nan da mai shago ke kakkaɓe maka gashi a wuya da shi bayan ya gama da kilifa muke nufi ba, kowanne da aikinsa.

Wasiƙar farko ta fito daga wani malamin makaranta a Tudun Wada. Ya ce ya sayi sabulun aski mai tauri na cikin gwangwani, ya haɗa da burushi mai laushi da ya ci masa kuɗi, amma kullum kumfar tsararo take fitowa, kafin ya gama gefe guda ta bushe. Yana tambaya ko jabun sabulu aka sayar masa.

Malam, Allah ya ƙara basira. Kafin ka ɗora wa sabulun laifi, duba burushin. Sabulu mai tauri sai an kankaro shi, don haka yana son gashin da ke da ƙarfin tsayuwa, wanda ba ya kwantawa da zarar an danna. Burushi mai laushi sosai shafar sabulun kawai yake yi ya wuce, abin da ya ɗebo bai kai ya yi kumfa ba, ga shi kuma cike yake da ruwa. Nan tsararon ya samo asali.

Gashin da ake yin waɗannan burusai da shi iri huɗu ne. Akwai na baja, wata dabbar daji mai haƙa rami, dangin dage, mai zanen fari da baƙi a fuska. Shi ne mafi tsada, kuma shi nake zaton Malam ya saya. Yawancin gashin daga ƙasar Sin yake fitowa ko da a Turai aka harhaɗa burushin, domin a Ingila ma tun 1992 akwai dokar da ta kare dabbar. Abin da ya sa ake yabonsa shi ne yana riƙe ruwa da ɗumi a tsakanin silin gashin, ga laushi a fata. Hawa-hawa ne: mai arha baƙi-baƙi ne kuma yana ɗan tsikara, mai tsada bakinsa fari ne, taɓa shi ma daɗi gare shi. Sai dai babu wata hukuma da ke tsara waɗannan matakai, kowane kamfani da nasa ma'auni, saboda haka sunan da aka buga a kwali ba ya isa shaida. Tsofaffin gidaje irin su Kent na Ingila, da aka kafa a 1777, da Plisson na Faransa, da irin wannan gashi suka yi suna.

Na biyu shi ne na gashin alade, za mu dawo kansa domin akwai wanda ya yi tambaya ta musamman. Na uku na gashin doki, ana haɗa na jela da na geza, jelar ta ba da ƙarfi gezar ta ba da laushi, kuma kamfanin Vie-Long na Sifen ya shahara da shi. Na huɗu na roba ne, zaren nailan da danginsa. Na da can kaushi gare su, shi ya sa dattawa suka raina su, amma na yanzu an sirance bakin zaren har ya zama da wuya fata ta bambanta shi da na baja.

To Malam, tunda ka riga ka saya, ga yadda za ka ci moriyarsa. Zuba ɗan ruwan ɗumi a kan sabulun, kamar cokali guda, ka bar shi minti biyu ko uku ya yi laushi, sannan ka tsiyaye. Jiƙa burushin, ka matse shi da yatsu har ya daina ɗiga. Kama gashin daga tsakiya da yatsu uku don ya ƙara tsayuwa, ka riƙa murza shi a kan sabulun rabin minti zuwa minti ɗaya, har ka ga bakin gashin ya cunkushe da danƙon sabulu. Sai ka kai fuska, kana zagayawa kana tsoma bakin burushin a ruwa kaɗan-kaɗan. Da farko za ka ga manyan ƙwayoyin kumfa, ci gaba. In ta nuna, ƙwayoyin za su ɓace, ta yi kauri da sheƙi kamar kindirmo, in ka murza tsakanin yatsu biyu ka ji santsi. Mafi yawan masu kuka da kumfa ruwa suke cikawa tun daga farko, alhali ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki.

Wani ɗalibin ilimi daga Kwarbai cikin gari ya rubuto cewa ya ji ana cewa wasu burusan da gashin alade ake yin su. Yana son sanin gaskiyar maganar, da yadda zai gane su, da matsayin amfani da su.

Ɗan'uwa, maganar gaskiya ce, kuma na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin mutane da yawa suna saye ba su sani ba. Cikin burusan gashin dabba, na alade ne mafi arha kuma mafi yawa. Kamfanin Omega na Italiya da Semogue na Fotugal suna yin su da yawa, ba su kuma ɓoyewa. In ka ga an rubuta boar ko pure bristle a jikin kwali, to shi ne. In babu kwali, duba gashin: fari ne mai ratsin rawaya, silinsa kauri, yana da kaushi in ya bushe, sabo kuma in ya jiƙa yana ƙarni. Wasu ana rina musu baƙin zobe a tsakiya don su yi kama da na baja. In kana son bambanta na dabba da na roba, zari sili ɗaya ka kai shi bakin ashana. Na dabba zai ƙone da ƙaurin gashi ya zama toka, na roba narkewa zai yi ya dunƙule.

Ta fuskar aiki, a faɗi gaskiya, babu kamarsa wajen kankaro sabulu mai tauri. Yana shan ruwa cikin silin, shi ya sa sai an jiƙa shi wasu mintuna kafin a fara, kuma bayan makonni ana amfani da shi bakin kowane sili yakan tsage biyu ko uku, ya yi laushi alhali gindin na nan da ƙarfinsa.

Ta fuskar hukunci kuwa malamai sun saɓa. A Mukhtasar na Shaihu Halilu, da ake karantawa a zaurukanmu, an lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, da sharaɗin sausaye shi aka yi. In tuge shi aka yi, tushen da ya fito daga fata ba ya cikin wannan rangwame. Shafi'awa kuwa najasa suke ɗaukarsa gaba ɗaya. Mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin yadda aka cire gashin, ga shi abu ne da za a jiƙa a goga a fuska, kusa da baki, wataƙila ma gab da alwala. Fatawa ta malamanmu ce, ga su nan kusa da kai a cikin gari. Shawarata dai, tunda akwai na roba da na doki da za su yi maka aikin, ka ɗauki wanda zuciyarka za ta natsu da shi. In sabulu mai tauri kake amfani da shi, nemi na roba mai gajeren gashi kuma cunkusasshe, ko na doki mai yawan jela.

Wata Hajiya daga Samaru tana son saya wa maigidanta burushi kyauta, ta ce kirim na matsawa yake amfani da shi, kuma gemu gare shi, kumatu da wuya da kai kawai yake askewa.

Hajiya, Allah ya bar ƙauna. Naki mai sauƙi ne, domin kirim ba ya buƙatar kankara, kowane burushi mai laushi zai tayar da shi. Sayi na roba mai faɗin gindi milimita 22 zuwa 24, ana rubutawa a kwali. Wanda ya fi haka girma zai riƙa cusa kumfa cikin gemun ba gaira ba dalili, ko da yake in askin kai ya fi yawa, milimita 26 zai fi sauri. Kirim kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya isa. Ki dai leƙa abin da yake amfani da shi tukuna: in kumfar gwangwani ce ta fesawa, ko kirim ɗin da aka rubuta a shafa da hannu, waɗannan ba su da buƙatar burushi.

Sai wani matashi mai aikin kaki daga wajen Basawa. Ya ce aikinsa ba ya barin gemu, kullum sai ya yi aski, kuma ƙuraje sun cika masa wuya. Yanzu ya koma hodar aski, yana tambaya ko zai iya kwaɓa ta da burushi, kuma ko burushi na maganin ƙurajen.

Ɗan'uwa, sannu, wannan ciwo ne da ke damun mazanmu da yawa. Gashinmu a murɗe yake, in reza ta yanke shi da kaifin baki, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura. Burushi ba magani ba ne, amma yana taimako. Zagayen da yake yi yana ɗago gashin da ya kwanta, yana cusa ruwa da sabulu a gindinsa, gashin da ya sha ruwan ɗumi minti biyu ko uku kuwa ya fi saurin yankuwa, reza ba ta ja. Burushi mai laushi ne ya kamace ka, kada ka kusanci mai kaushi a kan fatar da ta riga ta yi ƙuraje. Yi amfani da reza mai baki ɗaya, ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka ja fatar, kada ka maimaita wuri. In sun fara ruwa ko suna barin tabo mai tudu, je ka ga likitan fata, ga asibitin koyarwa nan a Shika.

Batun hoda kuwa, a kul. Hodar aski irin su Magic narkar da gashi take yi, sinadaranta ba sa bambanta gashin gemunka da na baja ko na doki. Ka kwaɓa ta da burushin gashin dabba, za ka ga bakinsa ya cinye yana zubewa. Kwaɓa ta da cokalin roba a wani ƙoƙo daban, ka kiyaye mintunan da aka rubuta a gwangwanin, kuma kada ka bi ta da reza a rana ɗaya.

Daga Hanwa an tambaye mu dalilin da ya sa sabulu ɗaya yake kumfa da ruwan famfo amma ya ƙi da na rijiya. Ruwa mai zartsi ke nan, yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam da ke kama sabulu su mai da shi dusa-dusa. Ɗebi sabulu fiye da yadda ka saba, ko ka ware rabin ledar ruwa don kumfar kawai, ko ka koma kirim, ya fi jure irin wannan ruwa. Sabulun wanka da sabulun salo kuma suna kumfa, amma tasu ba ta daɗewa a fata, domin ba don haka aka haɗa su ba.

Wasiƙar ƙarshe ta wani mai shagon aski ce a Sabon Gari. Ya ce yana son fara yi wa kwastomomi askin kumfa, ya kuma ga wasu tsofaffin burusai masu kyaun mariƙi a wajen 'yan gwanjo. Shin ya saya, kuma guda ɗaya zai ishi shago?

Maigida, Allah ya kawo kasuwa, amma ka bar na gwanjon. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, gashin baja da ake kawowa daga Rasha ya yanke, sai aka cika kasuwa da burusan gashin doki da ba a tsabtace su yadda ya kamata ba. Sojojin Ingila da na Amurka da fararen hula suka riƙa kamuwa da ciwon saifa, wato anthrax, cutar dabbobi da ke kama mutum, a fuska da wuya, ƙwayar cutar tana shiga ta ɗan yankan reza, wasu ma suka rasu. Wannan ya sa aka tsaurara dokar tsabtace gashi, kuma sababbin burusan kamfanoni sanannu ba su da wannan matsala. Amma ƙwayar saifa tana iya kwanciya shekaru da yawa ba ta mutu ba, tsohon burushi kuwa ba ka san shekarunsa ba, ba ka san fuskar da ya bi ba.

Guda ɗaya ba zai isa ba. Burushin da ya koma kan fatar da reza ta ɗan yanka ya taɓa jini ko ido bai gani ba, ciwon hanta nau'in B kuma ta jini yake yaɗuwa, ƙwayarsa tana rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Ga maƙero da sauran cututtukan fata. Sayi na roba guda huɗu ko biyar, su ne ke jure wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma suna bushewa da wuri ko da damina, lokacin da na gashin dabba ke kwana da laima har ya yi wari. Wanda ka yi wa mutum ɗaya aiki da shi, ka wanke, ka tsoma a magani, ka ɗauraye, ka ajiye a sarari ya sha iska, ka ɗauki wani. Kada ka zuba masa tafasasshen ruwa, yana sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin a cikin mariƙi. Ranar Juma'a da jajibirin salla da layi ke tsawo, tayar da kumfar a kwano da burushin, ka ɗiba da hannu mai safa ka shafa wa kowa, burushin bai taɓa fatar kowa ba. Kwastoman da ke zuwa kullum kuma ka ba shi shawara ya zo da nasa, kamar yadda da yawa suka saba zuwa da kilifarsu.

Lokaci ya cimmana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.