Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona Na Jihar Kaduna, A Madadin Manoman Ƙasar Zazzau

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, hakimai da dagatai, malamanmu na Samaru, 'yan'uwana manoma, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Zariya, sannu da hanya. Baƙonka annabinka, don haka an shimfiɗa maka tabarma. Sai dai ruwan da muka tare ka da shi na gora ne, mun ji nauyin ba ka na rijiyarmu, kuma maganar da ta tara mu ke nan.

Mu masu noman masara mun saba da maganin ciyawa na atrazine tamkar gishiri a miya. A fesa bayan shuka, ciyawa ta kwanta, kuɗin 'yan ƙwadago ya ragu. Amma wannan magani ba ya saurin ruɓewa a ƙasa, ruwan sama kan gangara da shi har cikin rijiya, abin da ya sa Tarayyar Turai ta janye shi tun 2004. Da idona na ga yaro yana ɗauraye tankin feshi a bakin Galma, mata na ɗiban ruwa ƙasa da shi kaɗan. Jarkar da aka juye kuwa, an wanke ta an zuba manja.

Haka fiya-fiya da ake yayyafa wa wake saboda ƙwari. Masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe da sa sinadarinsa cikin waɗanda ake zargin suna haddasa cutar. A 2015 Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa saboda shi. Wanda suka ƙi, 'ya'yanmu ne suka ci shi a ƙosai.

Mun ji NAFDAC ta sanar da janye atrazine daga kasuwa, madalla. To amma ranka ya daɗe, ciyawa ba ta sauraron sanarwa. In an karɓe wannan, me za a ba manomi a madadinsa, kuma nawa?

Roƙonmu a auna ruwan rijiyoyinmu, a karanta mana sakamakon da Hausa a rediyo. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) da ta wayar da kan manoma (NAERLS) nan Samaru, ba sai an je nesa neman masana ba. A dawo mana da malaman gona ƙauyuka, a sassauta farashin buhun nan mai ninki uku da ke adana wake ba tare da magani ba.

In an tashi taro, akwai rijiya a gefen gonar masara nan kusa, muna so ka leƙa ta kafin ka kama hanyar Kaduna.

Wassalamu alaikum.